Bishara Ɗaya, Amsa Iri-iri

Wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, Manzo Bulus ya tsaya a gaban majalisar Tudun Arasa a birnin Atina na ƙasar Girka, ya yi wa masu ilimin garin jawabi. Ya shiga maganar da dabara. Ya yaba da himmarsu ga ibada, ya ɗauko zancen wani bagade da ya gani an rubuta masa cewa na allahn da ba a sani ba ne, har ya jawo baitukan mawaƙansu ya kafa hujja da su. Suna ta sauraro, babu wanda ya katse shi, sai da ya kai ga batun tashin matattu. A nan taron ya rabu uku, kamar yadda littafin Ayyukan Manzanni ya bayar a sura ta 17. Wasu suka yi masa ba'a. Wasu suka ce ya bari sai wani jiƙon za su sake ji. Wasu 'yan kaɗan suka ba da gaskiya, cikinsu har da wani ɗan majalisa mai suna Diyonisiyas da wata mace da ake kira Damaris.

Baki ɗaya ne ya yi maganar, a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya. Saboda haka duk abin da ya raba amsoshin nan uku, dole a neme shi a wajen masu sauraro. Wannan shi ne abin da masu wa'azi da masu sukarsu suka fi yawan mantawa. Dukansu kan ɗauki mai sauraro tamkar tulu, wanda aka zuba wa sai ya ɗauka, ko kuma ya yoyar. Alhali mutum yakan zo wurin wa'azi da iyayensa a ransa, da sana'arsa, da tsoronsa, da abin da ya riga ya sani game da Allah, kuma da waɗannan yake tace abin da kunnensa ya ji.

Yesu da kansa bai yi alkawarin karɓuwa mai sauƙi ba. Misalin mai shuka, wanda ya zo a Matiyu sura 13 da Markus sura 4 da Luka sura 8, ya kasa ƙasa kashi huɗu: bakin hanya inda tsuntsaye suka tsince irin, wuri mai duwatsu inda ya tsiro da sauri rana ta ƙone shi, cikin ƙaya inda aka shaƙe shi, sai ƙasa mai kyau. Abin lura shi ne, biyu daga cikin ukun da suka lalace sun karɓi irin, har ya tsiro. Wato misalin bai raba mutane gida biyu ba, masu cewa na'am da masu cewa a'a. Ya fi damuwa da masu cewa na'am ɗin, da abin da ke faruwa da su bayan wata shida ko shekara goma, in tsanani ya zo ko hidimar duniya ta yi yawa. Ko ƙasar mai kyau ma ba daidai ta ba da amfani ba: wani riɓi talatin, wani sittin, wani ɗari.

Kafin ma a kai ga karɓa ko ƙi, akwai tambayar da ta riga su, wato me mutumin ya ji? A Atina ɗin nan, wasu sun ce Bulus yana tallar baƙin alloli ne, da jam'i, don yana ambaton Yesu da tashin matattu. Yohanna Kirisostom, babban mai wa'azin ƙarni na huɗu, ya fahimci cewa sun ɗauki kalmar Girkanci ta tashin matattu a matsayin sunan wata allahiya. A Listira abin ya fi haka. Da Bulus ya warkar da wani gurgu, jama'a suka ɗauka allolinsu ne suka sauko, suka kira Barnaba Zafsa, Bulus kuma Hamisa, firist ya jawo bijimai zai yi musu hadaya. Ba a jima ba taron nan ya jejjefi Bulus da duwatsu har aka zaci ya mutu. Masu hadayar da masu jifan duk amsa suka bayar, amma ga saƙon da suka gina da kansu daga abin da suka saba.

Shekara dubu da ɗari biyar bayan haka, ɗan mishan Francis Xavier ya sauka a Kagoshima ta ƙasar Japan a 1549. Tafintansa, wani ɗan ƙasar mai suna Anjiro, ya ba shi kalmar Dainichi a matsayin sunan Allah. Malaman wata ɗariƙar addinin Buddha suka yi masa maraba hannu bibbiyu, domin Dainichi shi ne abin bautarsu mafi girma, sun ɗauka wani ɗan uwansu ne ya zo daga Indiya. Da Xavier ya gane, sai ya watsar da kalmar ya koma ga ta Latin, Deus. Ita kuma a kunnen Japanawa ta yi kama da furucin da ke nufin babbar ƙarya, masu adawa suka sami abin tsokana. Duk mai kai saƙo zuwa wani harshe yana tsakanin waɗannan ramuka biyu. In ya ari kalmar gida, za ta zo da kayanta na da. In ya shigo da baƙuwa, za ta zauna baƙuwa.

A ƙasar Sin rigimar ta kai har fadar sarki. Ɗan mishan Matteo Ricci, wanda ya isa birnin Beijing a 1601, ya koyi harshen, ya sa tufafin malaman ƙasar, ya kuma yanke cewa girmama kakanni da ake yi ladabi ne na zaman jama'a, don haka Kirista zai iya ci gaba da shi. Wasu ƙungiyoyin 'yan mishan suka ce bautar gumaka ce. Fafaroma Clement na 11 ya haramta a 1704, ya ƙara jaddadawa a 1715, Sarki Kangxi ya fusata ya mayar da martani da hana wa'azin Turawa a 1721. Sai a 1939 fadar Fafaroma ta sassauta hukuncin. Ga mutumin Sin na wancan zamani, tambayar da aka ajiye a gabansa ta sauya gaba ɗaya tsakanin Ricci da waɗanda suka biyo baya. Da farko ana tambayarsa ko zai bi Almasihu. Daga baya ana tambayarsa ko zai juya wa kabarin mahaifinsa baya. Ba mamaki amsar ta sauya.

To, in an ji saƙon daidai, me ke sa wani ya karɓa? A farkon shekarun 1960 wasu masana zaman jama'a biyu, John Lofland da Rodney Stark, sun zauna da wata ƙaramar ƙungiyar addini a yankin San Francisco na Amurka, suna kallon masu shiga da masu wucewa. Ƙungiyar ta gwada tallar rediyo da tarurrukan jama'a, abin bai kawo kowa ba. Waɗanda suka shiga kusan duk maƙwabta ne ko abokai ko dangin waɗanda ke ciki. Abin da masanan suka fitar a 1965 shi ne, mutum kan sauya addini ne idan shaƙuwarsa da na ciki ta rinjayi shaƙuwarsa da na waje. Wani abin da suka lura da shi ya fi ba ni sha'awa: bayan an shiga, in aka tambayi mutum dalili, sai ya ba da labarin yadda koyarwar ta gamsar da shi, ya manta da abokin da ya riƙa ziyartarsa. Ba ƙarya yake yi ba, koyarwar ta gamsar da shi da gaske, amma sai da ya yarda da mai maganar kafin ya ba maganar kunne. Zama da maɗaukin kanwa, an ce, shi ke kawo farin kai.

Sabon Alkawari cike yake da wannan. Andarawas ya kawo ɗan'uwansa Bitrus. Karniliyas ya tara danginsa da aminansa kafin Bitrus ya iso. An yi wa Lidiya baftisma da mutanen gidanta, haka ma mai tsaron kurkuku na Filibi. Daga baya Stark ya yi wani lissafi a kan daular Rum: in aka fara da Kirista 1,000 a shekara ta 40, suna ƙaruwa da kashi 40 cikin ɗari duk shekara goma, za su haura miliyan 6 a shekara ta 300. Ƙiyasi ne, kuma masana tarihi suna jayayya a kan alƙaluman. Amma abin da yake nunawa yana da ƙarfi: ba sai an sami tubar dubbai a rana ɗaya kullum ba, ya isa kowane gida ya jawo gida ɗaya cikin shekaru masu yawa. Shaida mafi daɗi ta fito daga bakin abokin gaba. Sarki Juliyan, wanda ya bar addinin Kirista ya so ya farfaɗo da bautar allolin Rum, ya rubuta wa babban firist na Galatiya a 362 yana kukan cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na arna. Ya umarci firistocinsa su kwaikwaye su. Ya gane cewa mutane da yawa sun fara ganin bishara a hannun mai jinya kafin su ji ta a bakin mai wa'azi.

Sai batun tsada, wanda a ganina shi ne ya fi bayyana taswirar karɓuwa da ƙi a tarihi. Ɗan mishan William Carey ya isa Indiya a 1793, sai ƙarshen 1800 aka yi wa mutum na farko da ya karɓi wa'azinsa baftisma, wani kafinta mai suna Krishna Pal, wanda likitan mishan ya gyara wa kafaɗa da ta goce. Adoniram Judson ya sauka a Bama a 1813, ya shekara shida kafin ya sami mutum ɗaya a cikin mabiya Buddha na ƙasar. Amma a 1828 aka yi wa wani tsohon ɗan fashi mai suna Ko Tha Byu baftisma, ɗan ƙabilar Karen, mutanen tsauni da masu mulki suka rena. Ya koma cikin mutanensa yana wa'azi, suka shigo dubbai. Mutanen Karen suna da tsohon labarin Mahalicci da na wani littafi da ya ɓace wanda za a dawo musu da shi wata rana, don haka saƙon ya faɗa cikin gurbin da ke jiransa. Ƙari a kan haka, babu wata daraja da za su rasa. Malamin Buddha a Bama ko ɗan babban gida a Indiya in ya karɓa, zai rasa matsayi da dangi da gado. Wanda aka riga aka ajiye a ƙasan tsani kuwa, saƙon da ke cewa shi da sarki ɗaya suke a gaban Allah riba ce tsantsa. Shi ya sa akasarin Kiristocin Indiya suka fito daga waɗanda tsarin rarraba mutane bisa asalin haihuwa ya wulaƙanta da kuma ƙabilun tsaunuka, sau da yawa ƙauye guda a lokaci guda.

Wannan tsohon abu ne. Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa ba masu hikima ko masu iko ko 'ya'yan manya ne suka yi yawa a cikinsu ba. Wajen shekara ta 178 wani masani mai suna Selsus ya yi wa addinin dariya cewa na masu saƙa ne da dukawa da mata da yara. A Afisa kuwa tarzomar da ta tashi ba daga masu falsafa ta fito ba, daga maƙeran azurfa ne, ƙarƙashin Dimitiriyas, waɗanda suka ga cinikin siffofin haikalin allahiyarsu Artimas zai mutu. Wani lokaci abin da ke hana kunne ji yana cikin aljihu ne.

Masu suka kan ɗauki wannan su ce, ashe ke nan talauci ne ke sa mutane tuba, kuma abin duniya suke bi. Akwai waɗanda hakan ya faru da su, tarihin mishan bai ɓoye ba, makaranta da asibiti sun jawo mutane da yawa waɗanda ba su daɗe ba. Amma hujjar ta kasa bayyana waɗanda suka tsaya bayan ribar ta juye ta zama asara. A Madagaska Sarauniya Ranavalona ta Ɗaya ta haramta addinin a 1835, 'yan mishan suka fice suka bar fassarar Littafi Mai Tsarki a harshen ƙasar. An kashe wasu, an ɗaure wasu, an sayar da wasu bayi. Da ta rasu a 1861 sai aka tarar Kiristocin sun ninka sau da yawa. A Buganda, cikin Uganda ta yau, samarin fadar Sarki Mwanga, Katolika da Angilikan, sun zaɓi wuta a Namugongo a 1886, alhali kalma ɗaya ta isa ta cece su.

Karɓar da sarki ya yi wa jama'arsa wani babi ne. Armeniya a farkon ƙarni na huɗu, Aksum ta Habasha a zamanin Sarki Ezana, da Kiev a 988 lokacin da Vladimir ya sa aka yi wa mutanen birni baftisma a kogi, duk sun shiga ta ƙofar fada, kuma bayan ƙarnuka addinin ya yi saiwa har ya zama jinin jikin waɗannan al'ummu. Tilas tsirara kuwa labarinta dabam ne. A Turai, Sarki Sharlaman ya kafa dokar kisa ga duk ɗan ƙabilar Sakson da ya ƙi baftisma, har mashawarcinsa Alcuin ya rubuta a 796 cewa ana iya tilasta wa mutum baftisma, amma ba a iya tilasta masa bangaskiya. A Sifen an ba Yahudawa zaɓin baftisma ko hijira a 1492, Musulmin masarautar Kastil ta ƙasar kuma a 1502. Bayan fiye da shekara ɗari hukuma ba ta yarda da tubar jikokinsu ba, ta fara korar jikokin Musulmin a 1609. Wanda ya tilasta amsa, shi da kansa ba ya iya gaskata ta.

Akwai kuma ƙin da ya fito daga fahimta, kuma adalci ne a ba shi matsayinsa. Masu wa'azi sukan so su ɗauka duk wanda ya ƙi, ko bai gane ba ne ko zuciyarsa ta taurare. Amma wajen shekara ta 781 Halifa al-Mahdi ya zauna kwana biyu a Bagadaza yana muhawara da Timoti na Ɗaya, shugaban Ikilisiyar Gabas, a kan Allah-uku-cikin-ɗaya da gicciye da annabci. Kowannensu ya san abin da ɗayan ke faɗa sarai, suka rabu cikin mutunci, kowa a kan bakansa. Musulmi yana girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryamu, ya yarda da haihuwarsa ba uba da mu'ujizojinsa, amma bai yarda an gicciye shi ba, bai kuma yarda Allah yana da ɗa ba. Bayahude yana karanta annabawan da Kirista ke karantawa, ya ce alamun zuwan Almasihu ba su cika ba. Waɗannan mutane sun ji, sun auna da ma'aunin da suka riga suka amince da shi. Bulus ma ya san inda tuntuɓen yake, shi ya ce gicciye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta kuma ga Girkawa. Saƙon da ke cewa ceton duniya ya rataya ga mutumin da aka kashe kisan wulaƙanci bai taɓa zama mai sauƙin haɗiya ba.

Tsakanin karɓa da ƙi akwai masu tsinta. Ram Mohan Roy na Bengal ya buga zaɓaɓɓun koyarwar Yesu a 1820, ya bar mu'ujizoji. A daidai wannan lokaci Thomas Jefferson, tsohon shugaban Amurka, ya sa reza ya yanke ayoyin Linjila ya manna waɗanda suka yi masa, labarinsa ya ƙare da rufe kabari. Gandhi ya ƙaunaci Wa'azin Kan Dutse har ƙarshen ransa, bai zama Kirista ba, kuma bai ɓoye cewa halin Kiristocin da ya gani na cikin abin da ya sanyaya masa gwiwa ba.

Amma amsar da ta fi ba masu kawo saƙon wahala ita ce ta waɗanda suka karɓa, sannan suka ji a ciki abin da ba a yi niyyar su ji ba. A 1807 an buga wani taƙaitaccen Littafi Mai Tsarki a Landan domin bayi na tsibiran Karibiyan. An bar ayoyin biyayya ga iyayengiji, an cire labarin fitar Isra'ilawa daga bautar Masar. Masu yankan sun san abin da suke tsoro, kuma tsoronsu ya tabbata, domin bayi a Amurka sun mai da Musa da Fir'auna da ƙetare kogi jigon waƙoƙinsu. A masarautar Kongo wata budurwa mai suna Kimpa Vita ta yi shelar cewa an haifi Yesu a ƙasarta, aka ƙone ta a 1706. David Livingstone ya yi wa Sarki Sechele na Bakwena, a Botswana ta yau, baftisma a 1848, ba a daɗe ba ya dakatar da shi saboda ya koma wa ɗaya daga cikin matan da ya saki. Sechele bai fasa ba, ya ci gaba da karanta Littafi yana wa'azi ga mutanensa da maƙwabta ta hanyar da shi ya ga dama, ya kuma kawo mutane fiye da wanda ya hukunta shi. William Wade Harris, ɗan Laberiya, ya ratsa gaɓar Kwaddibuwa daga 1913 da farar riga da sanda mai gicciye da ƙwaryar baftisma, ya yi wa mutane fiye da 100,000 baftisma cikin ƙasa da shekara biyu kafin Faransawa su kore shi. Shekara goma bayan haka wani ɗan mishan na Methodist ya tarar da ƙauyuka sun gina majami'u suna jiran masu koyarwa. A 1900 Kiristocin Afirka ba su wuce miliyan 10 ba, yau sun haura miliyan 600, kuma mafi yawan ƙaruwar ta zo ne bayan Turawan mulki sun tafi. Masanin nan ɗan Gambiya Lamin Sanneh ya danganta wannan da fassara: da zarar Littafin ya shiga harshen mutane, ya kuɓuce daga hannun wanda ya kawo shi.

Batun lokaci ma yana ruɗar mutane. Labarin tubar Bulus farat ɗaya a hanyar Dimashƙu ya sa ana ɗaukar tuba kamar walƙiya. Agustin, babban malamin ikilisiya daga Arewacin Afirka, ya ba da labarin ranar tubarsa a wani lambu a Milan a 386, amma a bayan wannan rana akwai addu'ar mahaifiyarsa Monika, da kusan shekara tara cikin addinin Mani, da dogon sauraron wa'azin Bishop Ambrose. Ranar ita ce ƙarshen tafiya. Al'adar kiran mutane su fito gaba a taron wa'azi sabuwa ce in aka kwatanta da tsawon tarihin ikilisiya, Charles Finney na cikin waɗanda suka yaɗa ta a Amurka a shekarun 1830. Amfaninta shi ne tana ba mutum rana da zai riƙe. Illarta kuwa, ta koya wa masu shirya taro ƙirga hannuwa, alhali misalin mai shuka ya riga ya ce tsiro ba girbi ba ne. Kuma mafi yawan Kiristocin duniya ba su da irin wannan rana sam. Sun sha addinin ne a nono, amsarsu ita ce ko za su riƙe abin da suka gada in sun girma. A Ingila da Wales ƙidayar 2011 ta nuna kashi 59 cikin ɗari suna kiran kansu Kirista, ta 2021 ta nuna kashi 46. Yawancin waɗanda suka zame ba su yi faɗa da kowa ba. Sun yi kama da gwamna Filikus, wanda ya ji wa'azin Bulus ya razana, ya ce ya tafi sai ya sami zarafi zai kira shi, aka shekara biyu a haka.

Su kansu masana tauhidin Kirista ba su daidaita a kan tushen amsar ba. Agustin ya yi jayayya da Pelagius a kan ko mutum na iya juyowa ga Allah da ƙarfin kansa. Mabiya Calvin sun ce Allah ne ke zaɓa, kuma alherinsa in ya kama zuciya ba ta iya turjewa. Mabiya Arminius suka ce alherin yana zuwa ga kowa, mutum na iya ƙi. Majalisar malaman ikilisiya da ta zauna a Dort daga 1618 zuwa 1619 ta ba mabiya Calvin gaskiya, John Wesley ya zo a ƙarni na gaba ya bi ɗaya hanyar, har yau ikilisiyoyi a rabe suke. Kowane ɓangare yana da ayoyinsa: ga inda Yesu ya ce ba mai zuwa gare shi sai Uba ya jawo shi, ga kuma inda ya yi kuka a kan Urushalima cewa ya so ya tattara ta amma ta ƙi. Ni ban ga wannan bayani yana karo da na masana zaman jama'a ba. Luka ya ce Ubangiji ne ya buɗe zuciyar Lidiya, ya kuma gaya mana cewa 'yar kasuwa ce mai sayar da jan alharini, baƙuwa daga Tayatira, mai ibada tun da, tana zaune cikin mata 'yan'uwanta a bakin kogi. Bai ga dalilin zaɓar ɗaya ya bar ɗaya ba.

Mu koma Japan, don a can duk waɗannan zaruruwa suka haɗu. Duk da tuntuɓen Xavier, a farkon ƙarni na 17 Kiristocin ƙasar sun kai wajen 300,000, wasu saboda sarakunan yankunansu sun shiga, wasu da zuciya ɗaya. An gicciye mutum 26 a Nagasaki a 1597, an haramta addinin a 1614, aka kuma fito da gwajin sa mutane su taka hoton Yesu ko na Maryamu a gaban hukuma. Dubbai sun mutu, da yawa sun bari, duniya ta ɗauka zancen ya ƙare. Sai a watan Maris na 1865 wasu ƙauyawa daga Urakami suka shiga sabuwar majami'ar da aka gina wa baƙi a Nagasaki, suka raɗa wa Fada Petitjean cewa zuciyarsu ɗaya da tasa, suka tambayi inda siffar Maryamu take. Kusan shekara 250 suna yi wa 'ya'yansu baftisma a ɓoye ba limami, suna riƙe da kalandar idodi, suna haddace addu'o'in Latin da na Fotugis da furucinsu ya narke ya koma na gida, suna taka hoton a gaban hukuma su dawo gida su roƙi gafara.

Bayan an janye haramcin a 1873, da yawa suka koma ƙarƙashin Ikilisiyar Katolika. Wasu kuwa, musamman a tsibirin Ikitsuki da tsibiran Goto, suka duba abin da sababbin limamai suka zo da shi, suka ga bai yi kama da abin da kakanninsu suka mutu a kai ba, suka ƙi shiga. Limaman suna ganin koyarwarsu ta gauraya da wasu abubuwa. Su kuma suna ganin su ne suka riƙe amana. 'Yan kaɗan daga jikokinsu, akasari tsofaffi, har yanzu suna rera waɗancan addu'o'in.